Ta Yamma ko Da Yamma

Da sunan Wanda ba Ya mantuwa nake farawa, ni da mantuwa ta zame mini maƙwabciya. Sunana Malam Tanimu, mutumin Tafkin Sambalo, can bayan duwatsun da rana ke jingina da su kafin ta faɗi. Na yi yawon neman ilimi ina saurayi, na sake yi ina magidanci. Amma tafiyar da zan ba ku labarinta na yi ta ne ina da shekara saba'in da wani abu, kuma ba ilimi na fita nema ba. Ma'ajiya na fita nema, saboda kalma guda.

Shekara arba'in kafin wannan tafiya, masu lambu da makiyaya na garinmu suka yi sulhu a kan ruwan tafki. Mu goma sha biyu muka shaida. Aka rantse cewa makiyaya za su riƙa shayar da dabbobinsu ta yamma, wato ta gefen da babu shuka, duk lokacin da suka ga dama. Da hantsi aka yi rantsuwar. Ana shafa fatiha sai wani jan bijimi ya kutsa cikin ruwa, ya watsa mini taɓo a gafaka, kowa ya yi dariya. Alamar tana jikin fatar har yau, na wanke ta ƙi fita.

Shaidu goma sha ɗaya suka riga ni tafiya. Takardar kuma gara ta cinye. Sai sabon sarkin lambu, wani mai suna Cindo, ya ce shi abin da ya ji daga bakin mahaifinsa "da yamma" ne, ba "ta yamma" ba. Wato shanu su jira har rana ta yi sanyi sannan su sha. Duk wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san saniyar da take wuni ba ruwa ba za ta ga damina ba. Ban ce Cindo ƙarya ya yi ba. Harafi guda ne a tsakani, kunne kuma yakan zame.

Aka zo wurina, na ce "ta" ne.

Cindo ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya fa da sunan kakana ka gaishe ni."

Gaskiya ya faɗa. Sai ya ce in dai na tabbata, in je in sa maganar a sarƙa, abin da na dawo da shi zai bi. Ina jin ya ƙiyasta ba zan kai ba. Sarƙa kuwa, ga wanda bai sani ba, littafi ne da ake yi a ƙasashen nesa. Kowane shafi da hatimin shafin da ya gabace shi yake farawa, har ya zamana in ka taɓa kalma guda a tsohon shafi, duk hatiman da suka biyo baya sai su tona maka asiri.

Arɗo Gide, shugaban makiyaya, ya ce, "Wannan ranin za mu haƙura mu kai su nesa. Rani mai zuwa, ranar da baƙin dutsen tsakiyar tafki ya fito, in Malam bai dawo ba, kowa ya ɗauki sandarsa."

Wanda ya raka ni shi ne Nomau, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, mai jaki ɗaya da baki kamar barkono.

"Bawana," ya ce mini ranar da muka fita, "ni zan riƙe jaki, kai ka riƙe kalma. In ka yar da taka, a hanya zan sayar da kai."

Saboda tsoron kada in yar da ita, na ɗauki wata ɗabi'a. Duk wanda muka haɗu da shi, mai itace ne ko mai kwalekwale, sai na ba shi labarin sulhun tun daga fari har zuwa jan bijimi. Nomau ya ce yakan ƙirga har talatin a wuni.

Wata biyu muka yi muna tafiya. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke juya ganye suna bin matafiyi da kallo. Muka haye kogin da ke gudu gabas da safe, ya komo da la'asar kamar wanda ya yi mantuwa a gida. Ban yi barcin kirki ba ko sau ɗaya, kullum gani nake ruwan tafkinmu yana ja da baya.

Muka isa Birnin Walƙiya. A tsakiyarsa akwai soro mai taga bakwai, a kowace taga marubuci yana rubutu da hannu biyu. Mutum ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya, kafin ya haɗiye yawu an rubuta an buga hatimi. Sukan shigar da magana dubu goma kafin azahar. Babu jira, babu layi. Na ce, "Nomau, mun iso. Gobe sai gida."

Na tsaya na faɗi maganata. Amma al'adar malamai ba ta barin mutum, na ce a karanta mini abin da aka rubuta. Mai karantawa ya ce, "Makiyaya su shayar da yamma."

Na ce, "A'a, ɗana. Ta yamma na ce."

Babban marubuci ya leƙo ta taga, hannuwansa ba su daina aiki ba. "Baba, mu bakwai muka ji, littafi bakwai sun yi daidai. Na gaba!"

"Bayan ku bakwai, wa ke riƙe da wani littafin?"

"Wa zai iya? Wanda zai bi saurinmu sai ya mallaki soro kamar wannan. Na gaba!"

Wata mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta ja gefen rigata. Ta ce, "Baba, bar su. Akushi ɗaya suke ci, kuma duk surukan juna ne. Ni nan ina da dabino goma sha biyu. Rannan suka rufe tagogi da safe, suka sake rubutu tun daga shafina har zuwa na ranar, da hatiman duka. Kafin la'asar dabinona ya zama na ƙanin matar marubuci na uku."

Ni ba mai faɗa ba ne, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan ai ba sarƙa ba ce, tazugen wando ne. Mai shi ke ɗaurewa, shi ke kwancewa."

Dogarai suka kama mu, suka kulle mu a wani ɗaki a gindin soron, jakin ma suka ɗaure shi a ƙofa. Kwana uku ina zagaya ɗakin kamar akuya a turke. Nomau kuwa yana kwance yana sauraron hayaniyar masu kawo magana ta wata 'yar kafa da ke bango. Rana ta huɗu, da kasuwa ta cika, ya sa baki a kafar, ya maƙe murya, ya yi ihu, "Tsohon nan da taubashinsa da jakinsu sun bar gari da hantsi!"

Ba a jima ba dogari ya zo da allo a hannu, yana susar ƙeya.

"An rubuta kun fita," in ji shi.

Nomau ya ce, "To, ranka ya daɗe, ai ka ga ba ma nan."

"Amma ga ku."

"Kai da littafi bakwai wa ya fi gani? Ko so kake ka shigo nan ka maye gurbinmu?"

Dogari ya dube mu, ya dubi allo. Ya ce shi dai ba a umarce shi da kulle ɗakin da ba kowa ba. Ya buɗe ƙofa, ya juya mana baya. Ban karɓi takardarsu ba. Sai dai na fito da wani abu da ban san na ɗauko ba. Muryar mai karantawar nan ta maƙale mini a kunne: da yamma, da yamma.

Daga nan muka nufi Tsibiran Rabau, inda aka ce an haɗa sauri da yawan hannu. Mutanen can sun raba sarƙarsu gida arba'in. Kowane tsibiri da abin da yake rubutawa, da ɗaruruwan masu riƙe littafinsa, ba wanda ke ɗaukar nauyin wani. Dabara ce mai kyau, har yau ina yaba ta. Maganar aure tana da tsibirinta, ta gado tana da nata. Muka sauka a tsibirin ruwa, suka ce ai maganata ta shanu ce. Muka je na shanu, suka ce za su rubuta rabinsu, amma ba zai zauna ba sai tsibirin ruwa ya aiko da saƙon ya rubuta nasa rabin. Shi kuma tsibirin ruwa irin wannan saƙon yake jira daga na shanu. Mun yi wata guda, ko biyu ne, muna kai da komo a kwalekwale, jaki yana amai, Nomau yana tsine wa duk wanda ya fara ƙirƙiro tsibiri. Wani dattijo a can ya ce suna kan gina gada tsakanin littattafan. Na tambaye shi yaushe za a gama. Ya ce mahaifinsa ma ya yi wannan tambayar.

Damina ta same mu a hanyar Tudun Mun-Ji. Gari ne da ke manne a jikin tsauni, gida dubu tara, kuma kowane gida da littafinsa, har bukkar mai saƙar tabarma. In za a shigar da magana, mai shela ya faɗe ta a gindin tudu, wani ya karɓa ya miƙa sama. Kowane gida ya rubuta, ya duba hatimi, sannan mai gidan ya fito ƙofa ya ce, "Mun ji!" Ba a taɓa ta gaba sai gidan ƙarshe a kan tsauni ya amsa. Magana bakwai suke shigarwa a wuni.

Na tambayi mai gadin ƙofa don me ba sa ƙara sauri. Ya ce, "Malam, in muka ƙara, tsohuwar da ke can sama da alƙalamin kara ba za ta iya bi ba. Ta ajiye littafi, gobe wani ya ajiye. Wata rana sai ka tarar saura mutum bakwai."

Na ce na taɓa ganin bakwai ɗin. Ya ba ni ƙwallon goruba mai zane, ya ce layina zai zo nan da wata goma sha ɗaya. Na lissafa a yatsu. Baƙin dutse zai fito nan da wata shida, hanyar gida kuma wata uku ce ko ta gajeren yanke.

Masu jira sun kafa unguwa guda a gindin tudu, da rumfuna da kasuwarsu. Na zauna a cikinsu wata biyu, zaman da ba zama ba. In tashi in je ƙofa, in dawo, in sake tashi. Duk wanda na kama kuwa sai ya sha labari. Wanda ya fi shan wahalata shi ne Shekarau wanzami, domin shi ba ya iya gudu, askarsa na kaina.

"Malam, na roƙe ka," yakan ce, "yau a bar jan bijimin nan ya huta."

Akwai wata mata a ƙofar gari, Tabawa mai dami. Tun farko an nuna mini ita, na ƙi, domin tun Birnin Walƙiya nake tsoron duk abin da aka ce yana da sauri. Amma wata safiya na tashi na nemi sunan marigayiya matata, wadda muka yi shekara talatin tare, na rasa. Sai da rana ta take ya dawo. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na tafi wurin Tabawa.

Ta ce, "Baba, aikina ba ɓoyayye ba ne. Ina tara magana ɗari, in ɗinke su a fata guda, in rataye a ƙofar nan kwana bakwai. Kowace safiya ana karanta su a fili. In ba wanda ya ƙaryata, hatimin damin ya shiga sarƙa a matsayin magana guda, gida dubu tara su amsa. Layin masu dami daban yake, ba ya wuce mako."

"In kika sa ƙarya a ciki fa, baiwar Allah?"

"A yanke igiyata, in bar sana'a, 'ya'yana su ci me? Faɗi taka, akwai mutane a bayanka."

Na gyara tsayuwa, Nomau na gefena riƙe da jaki. Na buɗe baki, kalmar ta zo mini sumul, ba ko tangarɗa. Na ce, "Makiyaya su shayar da yamma." Ta rubuta, ta karanta mini, na ce haka ne. Na koma rumfa da zuciya fes, na fara ɗaure kaya.

Maganata ita ce ta casa'in da shida a damin. Kafin mai karatu ya kai wurin, jama'a sun watse neman abin kari. Haka aka yi kwana shida. A rana ta bakwai Allah Ya sa mai gadi ya kira Shekarau ya yi masa aski a bakin ƙofa. Ina rumfa sai na ji ihu, aka zo aka ce in zo maza. Na tarar da mai gadi da rabin kai a aske, Shekarau kuma ya riƙe igiyar damin da hannu guda, aska a ɗayan.

"Ban yarda ba!" yake cewa. "Ta casa'in da shida ba daidai ba ce!"

Tabawa ta yi kansa. "Kai wanzami, ka san abin da kake taɓawa? Daga bakin mai ita na rubuta. Ga shi nan, tambaye shi!"

Na ce, "Shekarau, ɗana, ni ne shaidar. Da yamma ne. Ina wurin aka yi." Har cikin raina haka na gani. Na juya na ce, "Nomau, gaya musu."

Nomau bai ko juyo ba. Na sake kiransa. Sai ya sa yatsa ya zaro auduga daga kunnen dama, ya zaro daga na hagu.

"Bawana, ka yafe mini. Tun a bakin kogin nan mai komowa na daina jin ka."

Mai gadi ya ce in babu wani shaida, maganar mai magana ita ce a sama, kuma rana na dab da kaiwa tsaka, lokacin rufe dami. Shekarau ya saki igiya, ya ruga cikin rumfuna yana kira. Sai ga su suna fitowa: mai fura, maƙeri, wasu mata biyu da suka zo shigar da iyakar gona, wani kuturu, wani baƙo da ko Hausa ba ya ji sosai. Sun fi mutum ɗari. Shekarau ya ce, "Jama'a, labarin Malam!"

Suka ɗauka baki ɗaya, kamar masu biya karatu, har da inda nakan tsaya in yi tari. "Mu goma sha biyu muka shaida. Aka rantse makiyaya su shayar ta yamma, gefen da babu shuka. Da hantsi aka yi rantsuwar. Ana shafa fatiha sai wani jan bijimi..."

Shekarau ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya zo gabana, ya sassauta murya. "Allah gafarta Malam, da hantsi fa. In da yamma aka ce, me bijimi yake yi a ruwa da hantsi, masu lambu na tsaye suna dariya? Duba gafakarka."

Na duba. Alamar na nan, launin ƙasa-ƙasa, kamar tafin yaro. Na shafa ta da yatsa, sai na ji sanyin taɓon a hannuna, na ga inuwata a miƙe a gabana ta nufi yamma, ranar hantsi na dukan ƙeyata. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Ta ne. Ta yamma."

Ba a yanke igiyar Tabawa ba, tunda ba ita ta yi kuskuren ba. Amma sai da ta farke ɗinki ta gyara, aka sake rataye damin wani kwana bakwai. Ta yi ta mita, masu magana casa'in da tara suka yi ta harara ta. A wannan karon ba wanda ya tafi karin kumallo kafin a kai ta casa'in da shida. Ranar da aka shigar da ita, na tsaya a gindin tudu ina jin "Mun ji! Mun ji!" tana hawa gida bayan gida, har ta zama kamar kukan tsuntsaye, har ta kai wata siririyar murya can sama.

Yadda muka yi hanyar gida ban riƙe ba. Nomau ya ce ni ke jan jakin. Mun iso da hantsi, muka tarar kan baƙin dutse ya fito kamar bayan kunkuru, mutane kuma sun yi sahu biyu a bakin tafki, kowa da sanda. Liman ya karɓi takardar da aka ba ni a Tudun Mun-Ji ya karanta, ya nuna hatiman.

Cindo ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "In mutum ya je can ya nuna musu an yi kuskure fa?"

Nomau ya ce, "Gida dubu tara ne, sarkin lambu. Ka fara da na ƙasa. In ka kai wurin tsohuwar can sama ka gaishe mana ita."

Wani ya yi dariya, wani ya kama. Cindo ya jingina sandarsa da kuka, ya ce shi dama abin da ya ji ne ya faɗa. Arɗo Gide ya ce ya sani. Kafin su gama gaisawa shanu sun shiga ruwa.

Abin da na manta a cikin wannan labari Nomau ne ya cike mini, don haka inda kuka ga an yabe shi da yawa kun san dalili. Yanzu ba na zuwa ko'ina. Da hantsi yakan kawo ni gefen tafki, inda babu shuka, mu zauna muna kallon garke na sauka. Jiya, ko shekaranjiya, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Bawana, ta ne ko da?"

Na nema, na nema. Na ce, "Wallahi na manta."

Ya ce, "Ba komai." Ya juyo mini da kunnensa, ya nuna mini babu auduga. "Ba ni labarin bijimin nan. Ban taɓa jin ƙarshensa ba."